Tawadar Malam a Kan Kujerata

Shekarar da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Karaye zuwa Rogo, ba abin da na damu da shi kamar doguwar kujerata mai ruwan madara. Kwana biyu na yi ina shirya ta. Na kwance ƙafafunta, na naɗe ta da tsofaffin zannuwa, na wanke buhunan taki tas na ɗinke ta a ciki da basilla, har yatsuna suka yi kanta.

Aka ɗora ta a bayan a-kori-kura, ni da goyona muna gaba, maigida yana baya. Ba mu yi nisa ba wani dattijon malamin allo ya tsayar da mu, za shi wajen garin Zoza. Maigidana ya diro, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Sai na ji ya ce wa direba, "Ara mini wuƙa. Ai ba a zaunar da malami a kan buhu."

Ina ji ina gani ya farke wahalata ta kwana biyu! Malam ya hakimce a kan kujerata, gafaka a cinya. Mota ta faɗa wani rami, kurtun tawadarsa ya tuntsure.

Sai a Rogo na ga tabon, baƙi ƙirin, faɗin faifai. Kafin in buɗe baki maigida ya tare ni: "Ki gode wa Allah, tawadar rubutun allo ce, albarka ce ta shigo mana gida."

Albarka! Shekara da shekaru, da zarar baƙi sun yi sallama, shi ne mai rugawa ya rufe albarkar da matashi.