Marit da Kifin Ruwan Toka

A garinmu na jikokin 'yan Norway da ke arewacin jihar Minnesota ta Amurka ba a taɓa yin cikakkiyar 'yar Norway kamar Marit Tollefsrud ba. Cikin matasa ita kaɗai ke cin kifin nan da muke jiƙawa a ruwan toka ranar walimar coci, har ta miƙa kwano a ƙara mata. A Koriya dai aka haife ta, tana jaririya gidan Tollefsrud suka ɗauko ta riƙo. Norway kuwa, duk gidan babu wanda ya taɓa taka ta.

Da ta zo neman shiga kwaleji sai takardar ta tambaye ta launin fata, ta kuma tambaye ta ƙabila. Marit ta tsorata. In amsoshin suka saɓa, za a ce ƙarya ta yi a hana ta gurbi. In kuma ta ƙi rubuta Norway, kakarta Borghild na zaune a gefe tana saƙa.

"Rubuta Norway a duka biyun," in ji Borghild.

"Kaka, akwai hotona a jiki fa."

"To me hoton ya ce? Hancin kakanki ne sak."

"Hancin Kaka Halvor? Wanda ke riga shi shiga ɗaki?"

"Ke dai ba ki da kunya. Yaran maƙwabtanmu Lindqvist jinin asali ne, amma ko warin kifin suka ji sai su gudu mota. Su za a kira 'yan ƙabila a bar ki?"

"'Yan Sweden ne, Kaka."

"Shi ya sa."

Marit ta tambayi babanta, ya ce a tambayi mamarta. Mamarta ta yi kuka kaɗan, ta dafa kofi. Fasto ya ce kowa ɗan Adam ne, amma takardar ba ta da wannan gurbin.

Daga ƙarshe ta rubuta Asiya a launin fata, Norway a ƙabila, ta haɗa da dogon bayani kan kifin. Borghild ta kai maganar ƙungiyar matan coci, aka yi ta addu'a har bazara.

Aka ɗauke ta. Borghild ta ce Norway ce ta yi aiki, mamarta ta ce gaskiyar yarinyar ce, har yau ba su daidaita ba. Marit yanzu likitar shanu ce a garinmu, ita ke shugabantar dafa kifin.

A shekarar da ta nemi shiga, kwalejin ta ɗauki duk wanda ya nema.