Injin Kawu Ilu da Albasar Surukina

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin Kawu Ilu a Jibiya ya san ba a yi masa bayani. Kana buɗe baki za ka faɗi abin da ke damun motar, sai ya ɗaga maka hannu, ya kafa dogon sukundirebansa a jikin inji, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido. In ka sake magana ya ce, "Yi shiru, ba kai ne maras lafiya ba." Ni ɗan ƙanwarsa ne, amma ban taɓa samun rangwame ba. Ni ma na fi kowa shan wuya a hannunsa, don Allah ya yi ni mai zullumi, abu kaɗan sai in kasa cin tuwo. Shi ya laƙa mini Sarkin Fargaba, har yau bai fita ba.

Shekarar da injin a-kori-kurata ya buga, na riga na ɗaure kaina. Surukina, Malam Barau na Riko, ya yi albasa a lambunsa da ke ƙetaren gulbi, an cire an jibge ƙarƙashin rumfa. A gaban mutane na ce masa, "Baba, kada ka nemi mota, ni zan kwashe." Na ari amalanken ƙarfe mai taya biyu da zan ɗaura a bayan motar. Kwana biyu da wannan alkawari inji ya tsaya cak. Ga bazara ta yi nisa. In ruwan fari ya sauka albasa ta ruɓe, in gulbi ya kawo kuma ba hanya, ni kuwa ban san da wane ido zan dubi surukina ba.

Na ce, "Kawu, don Allah a haɗa mini shi cikin kwana uku. A sa masa gudu, in riƙa sawu huɗu a rana."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Gudu? Tsere za ka yi da wa? Mi za ta ja?"

"Albasa."

"A ina?"

"Ƙetaren gulbi."

"To, sai na ga yashin gulbin."

Na ɗauka wasa yake yi. Wallahi washegari mutumin nan ya rufe gareji, ya hau tsohon kekensa, ya tafi Riko kallon yashi! Bakanike ne shekara da shekaru, amma bai taɓa mallakar mota ba, wai shi ya san abin da ke cikinta. Ya dawo bayan la'asar da yashi cike da aljihu, ya zazzage mini a tafin hannu. Ya ce, "Ka gani? Wanga ba wurin doki ba ne. San huɗa zan haɗa maka, mai tafiya sannu yana jan duniya."

Na ce, "Kawu, kwana ɗaya ya tafi."

Ya ce, "Ya tafi ina? Ga gobe nan."

Don in rage masa aiki, na je da kaina na sayo sabbin fistin huɗu, su ne ƙarafan da ke hawa da sauka a cikin inji, suna ƙyalli a kwalinsu. Ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya mayar. Ya ce sabon abu ba shi da shaida. Ya tsallaka Maraɗi, ya kwance na wata mota da ta yi hatsari, wai su sun yi aiki kowa ya gani. Kwalin kaɗai ya yaba. Ya ce kwalin kirki ne, ya ajiye.

Ya wanke ƙarafan nan da kananzir, ya goge, ya sake wankewa, ya sake. Na ce, "Kawu, alwala kake yi masu?" Ya ce ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe inji, kuma in ban da aikin yi in je in ƙirga gajimare. Abin haushin, daga can nake.

Rannan na zo ban iske shi ba. Aka ce yana kasuwa. Na same shi a rumfar Isufu, wani Bamaraɗe mai sayar da sukari da ganyen shayi, ya ƙwace sikelinsa mai faranti biyu. Fistin ɗaya a nan, ɗaya a can. In ɗaya ya rinjaya ko da nauyin ƙwayar gero, sai ya ciro magagari ya goge shi kaɗan, ya sake azawa. Masu sayen sukari sun yi layi suna tsaki.

Isufu ya ce, "Malam Ilu, don girman Allah! Sukarina duk warin kananzir yake yi."

Kawu bai ko ɗago ba. "In mutum huɗu suka ɗauki gado, ɗaya ya fi sauran tsawo, mi zai faru?"

"Ni ina ruwana da gado?"

"To riƙe mini wanga."

Haka Isufu ya wuni riƙe da fistin. Ni na koma daga baya na ba shi haƙuri, sau biyu, don na farkon ban tabbata ya ji ba.

A kwana na tara inji ya tashi. Ya sa masa lagireto na babbar mota, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, wai mai jan kaya zafi ke kashe shi, har murfin gaban ba ya rufuwa sai da igiya. Na yi hamdala, na ce gobe sai Riko. Ina shiga na taka totur, sai na ji ƙafata ta tokare. Na leƙa, sai ga guntun icen kirya an ɗaure da waya a ƙarƙashinsa.

"Kawu, wannan fa?"

"Linzami. Kwana bakwai za ka yi kana yawo da ita ba kaya, sannu-sannu, ƙarafan su saba da juna."

"Kwana bakwai! Kawu, jiya an yi walƙiya ta gabas!"

"Na gani. Ni ma ina da ido."

Kun dai gan ni a lokacin, ina zagaye gari kamar mai tallar mota. Tsakanin Jibiya da Magama mai jaki ya wuce ni, har ya waiwayo ya ce ko a turo. Direbobin tasha in na gifta sai su ce, "Sarkin Fargaba, a rage gudu!" Surukina kuwa bai aiko da faɗa ba. Gaisuwa kawai yake aikowa, kullum, a ce yana tambayar lafiyar mota. Ai gara ya zage ni.

A nan na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɓoye ba. Kullum da safe in na zaro sandar duba baƙin mai, sai in ga yana daidai kan zane. Zuciyata ta ce, daidai kan zane ai kusa da ƙarewa ke nan. Sai in ƙara kaɗan. Da azahar in ƙara kaɗan. A kwana na huɗu hayaƙi ya turnuƙe bayana har masu babur na tari. Na isa gareji, na ce inji ya mutu.

Ya zaro sandar, ya duba, ya dube ni. "Hamisu, wa ya ɗura mata mai?"

"Tsoro na ji kada ya gaza."

"Kai in ɗanka ya ƙoshi, danne shi kake yi kana ɗura masa koko don kada ya ji yunwa jibi?"

Ya tsiyaye man da ya yi yawa a galan, ya ce ya zama nasa. Sannan ya ƙara mini kwana biyu.

Ranar da ya kwance icen nan, hadari ya riga ya haɗu. Ya jefa kekensa a baya ya ce da shi za a je. Muka loda mota, muka loda amalanke, har tayoyi suka lotse. Da muka shiga yashi na fara salati da ƙarfi. Ya ce, "Giya ɗaya, kada ka taka, bar ta ta ci abincinta." Jama'a, motar nan ba ta ko yi nishi ba. Tana gurnani ƙasa-ƙasa, tana tafiya kamar ba a ɗaura mata komai ba. Sawu uku muka yi lafiya. Muna loda na huɗu ruwa ya ɓarke. Mun haye kafin gulbi ya kawo, amma buhu goma sha ɗaya sun jiƙe sharkaf.

Na durƙusa gaban surukina ina neman kalmar da zan fara da ita. Kawu ya riga ni.

"Malam Barau, barka. Injin ko zafi bai yi ba."

Malam Barau ya dubi buhunan, ya dubi Kawu, ya ce, "To, madalla." Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Da na yi ƙorafi a hanya, na ce da an bar ni tun kwana biyu da suka wuce da ba a yi asarar ko ɗaya ba, cewa ya yi, "Albasa shekara-shekara ake yi. Inji sau ɗaya." Har yau ban yarda da shi gaba ɗaya ba. Amma shekara shida ke nan, ba ranar da na murɗa makulli motar nan ta ƙi tashi, kuma ni ke kwashe albasar Riko tun ba a fara walƙiya ba.

Bara da ciwo ya kwantar da shi, ni na ɗauke shi zuwa asibiti a Katsina. Muka shimfiɗa masa katifa a baya. Ina tuƙi ina kuka, ina ta sauri, sai na ji ana buga gilashin bayana. Na tsaya a rikice, na zagaya na ce, "Kawu, jikin ne?" Da ƙyar muryarsa ke fita. Ya ce, "Sauya giya da wuri, ɗan nan. Kana wahalar da ita."

Kwana biyar ya yi a can. Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya yafe mini gunagunin da na yi ta yi masa a ɓoye, ya sa ya huta, ya haɗa mu da shi a Aljanna. Amin.