Allon Goggo Siu-khim

Goggona Ang Siu-khim ba ta wuce aji shida ba, amma shekara ashirin da biyu ta yi tana shara da girki a tashar duba yanayi da ke bakin teku, kudu da ƙauyenmu. In ta kai wa ma'aikatan abincin rana, sai ta tsaya a bayansu da faranti a hannu tana kallon taswirar da suke ja wa layuka, tana tambaya har su ƙosa. Wani dattijo a cikinsu, Malam Koeh, shi kaɗai ne ba ya gajiya da ita. Shi ya nuna mata yadda sanyi ke taruwa can arewa, ya yi nauyi, sannan ya gangaro ta mashigin teku ya faɗo mana cikin kwana biyu ko uku.

Da aka kawo na'urori aka sallami mutane, sai ta dawo gida da tukwanenta da wani tsohon ma'aunin nauyin iska da Malam Koeh ya bar mata. Ta kafa rumfar kunun shinkafa da kifi a ƙofar ɗakin bautar Uwar Teku.

Mu wani kifi da muke kira sabahi muke kiwo a tafkuna, shi kuwa ba ya ga maciji da sanyi. Zafin ruwa ya sauka zuwa digiri goma, kifin ya daina motsi. Ya kai takwas, sai ka ga fararen cikuna a sama. Rediyo na faɗin hasashe, amma na birni yake faɗi, inda gine-gine ke tare iska. Goggo ta lura ruwanmu yakan fi abin da aka faɗa sanyi, don haka ta ɗaura ma'aunin zafi a tafkuna huɗu. Kullum da sassafe ta hau keke ta zaga su, ta dawo ta duba allurar ma'auninta, ta saurari rediyo, sannan ta rubuta nata ganin da alli a wani allo da ta jingina a rumfar. Masunta ma sukan leƙa kafin su tura kwale-kwale. Ranar da ta rubuta "teku zai tashi bayan rana ta raba", ba mai yin nisa.

Lim Thiam-hok, mai tafkuna mafi yawa a ƙauyen, shi ya laƙaba mata Darakta.

"Darakta, yau me sama ta ce?"

"Ta ce ka rufe bakinka ka sha kunu kafin ya huce."

Shekara tara ana haka, sai wani hunturu ta rubuta cewa sanyi mai kisa na tafe cikin kwana uku. Ƙauye ya ruɗe. Aka yi ta kafa shingen gora da ciyawa a arewacin tafkuna, wasu suka kwashe kifinsu tun bai ƙosa ba suka kai kasuwa, kasuwar ta cika ta karye. Sanyin kuwa ya karkata gabas ya bi teku. Rana ta fito fes.

Thiam-hok ya zo rumfar da 'yar singileti yana fifita da hula.

"Darakta, taimaka mini da bargo, sanyin nan naki zai kashe ni!"

Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi murmushi. Ba wannan ya ci mata rai ba. Babana, ƙanenta Bun-tiong, ya sayar da rabin kifinsa a wulaƙance saboda maganarta, kuma wata guda cur yana wuce rumfarta bai ko ɗaga kai ba. Sai ta goge allon ta rubuta sunayen abincin da take sayarwa. Wanda ya tambaye ta yanayi, ta ce, "Ba ka da rediyo ne?"

Amma ba ta daina zaga tafkunan ba.

Shekara ta zagayo, saura mako biyu Sabuwar Shekara, na je rumfar wata Talata da rana. Lokacin ni ma na yi aure ina da tafkina. Na tarar da ita zaune tana kallon arewa, tukunya na ƙauri.

"Goggo, kunu na ƙonewa."

Ba ta ko waiwayo ba. "Chun-seng, injin rijiyarka na aiki?"

"Yana yi. Lafiya?"

"Je ka tayar da shi, ka fara zuba ruwan ƙasa a tafki, ya fi ɗumi. Rediyo ya ce digiri goma sha ɗaya. Da iskar nan da yayyafin da ke biye da ita, ruwanmu zai taɓa bakwai ran Alhamis."

"Tun yaushe kika gani?"

Ta ce, "Tun jiya."

"Kuma ba ki gaya wa kowa ba?"

"In na sake kuskure fa? Wa zai kalle ni a garin nan? Ubanka ma..." Ba ta ƙarasa ba.

Na ce ni ban san komai game da iska ba. Ta sauke tukunyar, ta goge hannu a jikin zani, ta shiga ɗakin bautar ta karɓi lasifikar da ake sanarwa da ita.

"Jama'a, Siu-khim ce mai kunu. Bara na ce sanyi zai zo, bai zo ba. Bana ma ina cewa zai zo, jibi. Mai yarda ya yarda, wanda zai zage ni ya bari sai Juma'a."

Mutumin farko da na gani yana gudu da babur ɗauke da damin gora shi ne Thiam-hok. Ya tsaya a rumfar ya ce, "Darakta, in kika sake sa ni asara, kunu kyauta har in mutu!" Ya tara ma'aikata, ya tsira da yawancin kifinsa. Ni ma rijiya ta cece ni.

Babana ba shi da rijiya, tafkinsa kuma a bakin iska yake. Shinge irin wanda yake bukata aikin kwana biyu ne cikakku. Muka yi iya yinmu ran Laraba cikin yayyafi, ba mu kai rabi ba. Da gari ya waye ran Alhamis, tafkin ya yi fari fat tun daga wannan gaɓa har waccan.

Goggo ta rufe rumfa ta zo da raga. Tana da shekara sittin da bakwai, ta shiga ruwan nan har gwiwa tana kwasar matattun kifi, kwana uku, ba wanda ya iya fitar da ita. A rana ta uku suka zauna a gaɓa ita da babana, ƙafafunsu sun yi shuɗi.

"Da ran Litinin na faɗa, da shingenka ya tsaya," in ji ta.

Babana ya daɗe yana kallon ruwan. "Yaya, da ran Litinin kika faɗa, da ban yarda ba. Ran Talatar ma sai da na ga Thiam-hok na gudu."

"Ƙarya kake don ka sanyaya mini rai."

"To, ki bar ni in yi. Tashi mu je ki dafa mana wani abu mai zafi."

Bayan bikin Sabuwar Shekara ta koma rubutu a allon, sai dai ta ƙara wani abu a ƙasa: "na tabbata bakwai cikin goma", wani lokaci "huɗu cikin goma, kowa ya yi shawara da matarsa". Ta sake kuskure sau biyu ko uku a shekarun da suka biyo, aka yi mata tsiya, ta rama.

Babana bai sake kiwon sabahi ba. Ya koma kiwon jatan lande a ƙaramin tafki, bai kuma farfaɗo kamar da ba. Gwiwoyin Goggo ma ba su warke daga ruwan nan ba, har dole ta ajiye keke. Shekara shida na ƙarshen rayuwarta babana ne ke ɗaukarta a bayan babur kowace safiya su zaga tafkunan, tana riƙe da rigarsa, suna musu a kan gajimare har su dawo.