Kimba, Mai Roƙa wa Biri Daji

Kafin motocin tashar Race Course su fara kiran fasinja, Kimba ya riga ya ajiye baronsa a bayan rumfunan masu maganin gargajiya. Bazabarme ne, ɗan dako, ya tsufa a ƙarƙashin buhunan mutane. Yakan share inda wani gwaggon biri yake ɗaure, ya shafa masa man kaɗanya a ƙugu inda sarƙa ta ci fata, sannan ya tafi neman na kansa. Birin ba nasa ba ne. Na Brimah mai magani ne, wanda yake sa masa riga da hula ya yi rawa don jama'a su taru a sayi maganin basir.

Ni mai son kallon abin mamaki ne, na taɓa bin mota har Kwadaso don ganin akuya mai ƙafa biyar. A wajen kallon birin nan na san Kimba. Kowa na kallon rawar, shi yana kallon ƙugun.

Abu ɗaya yake nema: a kwance birin a mai da shi daji. Ya je gaban dattawan unguwa, ya bi malamai zaure-zaure, har ya haɗa da masu tsare mujiya da hawainiya a keji. Unguwarmu Zango ta sa masa suna Lauyan Birai.

Mamuna mai koko takan tare shi da safe. "Baba Kimba, yau kotu ta zauna?"

"Ta zauna, 'yata. An ɗage shari'a, alƙali ya ce kokonki ya tsinke."

Wata Juma'a wani liman ya saurare shi, ya yi wa'azi a kan tausayin dabba. Mutane suka ji, suka kuma yi tausayi irin wanda muka iya, wato na karɓar baƙo. Mai shayi ya riƙa aiko wa birin kofi mai madara da sukari. Mata suka kawo alewa da burodi, direbobi suka kawo goro da lemon kwalba. Kimba yana bin su yana roƙo.

"Don Allah ku bari! Daji nake roƙa masa, ba walima ba."

Hajiya Hajaratu mai atamfa ta riƙe haɓa. "Haba Baba, kai ka ce a tausaya masa. Yanzu kuma sadaka ta zama laifi?"

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Da birin ya yi nauyi ya kasa rawa, Brimah ya ce a ɗauke shi, ya gaji da ciyar da rago. Ranar na ga Kimba da sabuwar riga. Ya zo da wani likitan dabbobi, aka buɗe bakin birin, haƙora duk sun ruɓe. Aka ba shi 'ya'yan itacen daji, ya shinshina ya yar, ya miƙa hannu wajen mai shayi. Likitan ya ce in aka sake shi, ko yunwa ta kashe shi ko 'yan uwansa. Kimba ya zauna a kan baronsa har la'asar.

Kimba, kai ne ka ga ɗaurarre a inda muka ga abin dariya. Kai ne ka sha ba'a ba ka rama ba. Wani lokaci nakan yi mafarkin na gan ku ku biyu a bakin wani dutse, shi yana hawa, kai kana ƙasa kana yi masa faɗan ya yi a hankali. Sai in farka.

Yanzu gwiwoyinka sun ƙare, 'ya'yanka sun ce bayan Babbar Salla ka koma gida Dosso. Birin yana nan a ɗaure, Brimah kuma ya riga ya aika arewa a kamo masa jaririn biri.

Mun gode, Kimba. Allah ya saka maka, tunda mu mun kasa. Ku kuma mutanen Zango, jaririn nan yana tafe da haƙoransa cif, yana tuna uwarsa, daji zai iya karɓarsa. Ana neman wanda zai tsaya gaban Brimah ranar da motar da ta ɗauko shi ta iso, ya yarda a yi masa dariya. Na tambaya a masallaci, na tambaya a tasha. Har yau ban ga wanda ya tashi ba.