Gyaren Da Bai Gaji Da Kira Ba

Kakata Iya Hauwa ba ta gani sosai, amma kunnenta ba ya kuskure. Da kaka a garinmu Gwiwa, in an idar da sallar isha'i, mukan kewaye ta a bakin murhu muna gasa masara da gyaren da muka bi kukansu muka tono. In wani ya yi kuka bayan rumbu sai ta ce, "Wannan ƙato ne, ji yadda muryarsa ta cika." Wani kuma ta ce tsoho ne, fiffikensa ya cinye. Ita ta koya mana cewa mazan ne kawai ke kuka, da fiffike, kuma mata suke kira.

A shekarun da arzikin mai ya fara shigowa, yayata Binta ta samu manema biyu: wani ƙaton direba daga Kazaure mai rediyo, da Sani tela, ɗan firit mai 'yar murya. Baba ya ce ta zaɓa kafin Juma'a. Ko tuwo ta kasa ci.

"Ga ta nan, ku matso ku karɓe ta," in ji Iya da dare a bakin murhu, ta fara tatsuniya.

Wai gyare uku suka nemi budurwa ɗaya. Ƙaton ya buɗe murya har ana jinsa a Roni. Tsohon ya goga fiffike, ƙarar ta fito a dushe. Ƙaramin kuwa siririyar murya gare shi, amma bai fasa ba. Budurwa ta nufi ramin ƙaton, ta tarar yara sun riga ta, don su ma suna da kunne.

Na dubi gyaren da ke hannuna, kunya ta kama ni, na dai cinye abina.

Tsohon ya gaji ya yi barci. Gari ya yi tsit, ƙaramin kaɗai ake ji, sai ta bi muryarsa.

"Iya, da ni kike?" in ji Yaya Binta.

"Ni da gyare nake, 'yar nan. Juya masarar kada ta ƙone."

Telan ta aura. Ni kuwa na daɗe ina tausayin tsohon gyaren, har ina ganin Iya ba ta yi masa adalci ba, tunda ƙaramin ma zai tsufa wata rana. Sai ranar bikin jikar Yaya Binta da Sani hankalina ya kwanta. Gida ya cika da guɗa da ƙarar lasifika, Malam Sani ya tsaya a zaure da sandarsa, muryar nan ta dushe sarai, ya ce, "Binta." Mu da ke kusa da shi ma da ƙyar muka ji. Ita tana can ƙuryar gida wajen tukwane, ta ajiye ludayi ta taso.