Ranar Da Iya Talatu Ta Hau Keke

Ban taɓa mantawa da ranar da na ratsa garin Bauchi cikin zani da ɗankwali ba, kuma ko na so mantawa 'yan ofishinmu ba za su bar ni ba. Ku da kuka shigo aiki a bayana, kuna ji ana ce mini "Iya" kuna zaton tsokanar tsufa ce. To ga asalin abin.

A lokacin ina sashen wayar da kai na hukumar lafiya, ban daɗe da samun ƙarin girma zuwa mataki na takwas ba. Aikinmu shi ne mu shiga unguwa da mota mai lasifika, mu nemi izinin mai unguwa, mu yi gajeren wasan kwaikwayo don jama'a su taru, sannan jami'i ya yi bayani. Ni marubucin wasan ne, ba na fitowa. A daminar nan amai da gudawa ya addabi wasu unguwanni, sai aka tura mu Gwallameji.

Mun isa, an shimfiɗa tabarmi, sai labari ya zo cewa Ladi, wadda ke fitowa a matsayin Iya Talatu, tsohuwa mai taurin kai da ta ƙi wanke hannu, tana asibiti da ɗanta. Shugabar sashenmu, Madam Rifkatu, ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Malam Sabo, kai ka rubuta, kai kaɗai ka haddace. Shiga mota ka canja."

Na ce, "Madam, ina da gemu fa."

Ta ce, "Mayafi me aka yi shi don shi?"

Haka na tuɓe kaftani da wando na bar su a kujerar baya, wayata da katin shaidar aiki na cikin aljihu. Aka ɗaura mini zani, aka zizara mini kwalli, aka cusa tsumma inda ya kamata. Takalmin Ladi ya ƙi shiga, na fito da nawa sau-ciki.

Gaskiya na yi wasa. Mata suna guɗa, mai unguwa yana share hawayen dariya da bakin rawani. Kaina ya kumbura har na ƙara maganganun da ban rubuta ba. Ana gamawa na zagaya bayan wani kango don in kama ruwa, ina tafe ina tunanin ashe baiwa ce nake ta ɓoyewa. Nan hadari ya taso, ruwa ya ɓarke. Kafin in gama kokawa da zanin in fito, fili ya watse. Direba ya zaci ina motar Madam, Madam ta zaci ina motar lasifika. Wandona ya tafi ofis ba ni.

Na tsaya na yi lissafi irin na mai ilimi. In na cire kayan, daga ni sai gajeren wando da kwalli. In na lulluɓe, wa zai kula da tsohuwa cikin ruwa? Na ja mayafi har hanci, na tare keke mai ƙafa uku, na maƙale murya na ce, "Unguwar Ɗan Iya, yaro." Ya ce, "Shigo, Mama." Har na ji daɗi.

Mun yi nisa sai wata mata da ke zaune gefena ta sunkuya za ta gyara jakarta. Ta ga takalmi, ta ga ƙwauri mai gashi. Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Mai keke ya taka birki a bakin wata 'yar kasuwa, kafin ƙiftawar ido an kewaye ni. Wani ya fizge mayafin, gemu ya bayyana.

"Ɗan daudu ne!"

"Ɓarawon yara ne, haka suke shiri!"

Wayoyi suka tashi sama ana ɗaukata. Na ɗaga hannu na ce da muryata ta gaske, "Jama'a, ni ma'aikacin gwamnati ne, mataki na takwas!" Amsar da na samu ita ce ranƙwashi a ƙeya. Tsumma ɗaya ya zame ya faɗi cikin taɓo. Da na ga wani matashi ya sunkuya yana laluben dutse, sai dariyar abin ta fita daga raina, na fara salati.

Sai ga wani mutum ya keto taron, zani ɗaure a ƙirji bisa rigarsa, cokalin juya masa a hannu. Audu mai masa ke nan, wanda rumfarsa ke wurin, kuma kowa ya san shi ɗan daudu ne. Ya kewaye ni yana tafa hannu yana taɓe baki.

"Wayyo ni Audu! Wannan kuke haɗa mu da shi? Ku dubi ɗauri kamar buhun gawayi! Ku dubi kwalli kamar an mare shi! Wallahi kun ci mutuncinmu."

Wurin ya fashe da dariya, mai dutse ma ya saki. Wata yarinya ta ce ai ta gan ni ɗazu a wasan wanke hannu. Audu ya kama hannuna ya ja ni rumfa, ya saki labule. Ya ba ni ruwa da sabulu, ya ciro kaftaninsa na Juma'a a goge, da hula, ya miƙo mini. Ya zuba mini masa da miya, ya sallami mai keke, ya ba ni wayarsa in kira gida.

Ina ci na ce, "Malam Audu, mutanen nan da sun kashe ni."

Ya ci gaba da juya masarsa, muryarsa ta sauka. "Kai ka cire ka huta, Yallaɓai. Waɗannan da ka gani, da safe su sayi masata, da rana 'ya'yansu su jefe ni. Ci kafin ta huce."

Hoton ya riga ni isa Ɗan Iya. Surukina, malamin zaure ne, ya aiko a tambaya ko aikin gwamnatin ke nan. Sai da Madam Rifkatu ta je da kanta ta durƙusa ta yi masa bayani. Ya saurara, ya ce to, amma a riƙa ba ni fitowar tsoho.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, tafin da jama'a ke yi maka ba naka ba ne, na lasifika ne da tabarmar mai unguwa. Kayan da suka sa aka yi mini guɗa, su suka sa aka nemi dutse, tsakaninsu tafiyar keke ce kawai. Mun sha shiga unguwanni muna koya wa mutane yadda za su tsira da rai, ranar da nawa ya zo hannu, wanda garin ke ƙyama ne ya tsaya.

Saboda haka in an tura ku fita, ku girmama kowa a bakin hanya. Kuma kome Madam za ta ce, kada ku yarda wandonku ya hau wata mota daban.