Mai Goge Sunan Jirgi

A jirgin dakon man nan, Baba Fenti kowa ke kiransa. Aikinsa ke nan tun gashinsa yana baƙi: ya kankare tsatsa, ya shafa jan fenti, ya jira ya bushe, ya bi da baƙi. Kafin ya kai ƙarshen jirgin, farkon ya sake yin tsatsa, sai ya ɗauki bokitinsa ya koma. Ba shi da aboki sai kuku, shi ma don kuku ba ya buƙatar a amsa masa ne.

Matarsa ta rasu yana tsakiyar teku, bai ji ba sai da aka daɗe da binne ta. Wadda ta rage masa ita ce Auta, 'yarsa, mai ɗinki a wani ɗan ɗaki a saman bene. Tun bayan rasuwar ta sa wata manhaja a wayarta. Idan ta rubuta sunan jirginsa, sai wani ɗigo ya fito a kan shuɗin taswira. Kowace safiya sai ta duba kafin ta taka keke.

"Baba, kai dai waya ba taka ba ce, na haƙura," ta ce masa da ya zo hutu. "In na kira, 'lafiya lau' kawai, kamar ana sayar maka da maganar. Ɗigon nan ya fi ka hira. Muddin ina ganinsa, na san kana numfashi."

Sai manyan ƙasashe suka ƙaƙaba wa ƙasar da jirginsu ke ɗauko ɗanyen mai daga gare ta takunkumi, suka ce kada kowa ya saya. Masu saye kuwa ba su daina buƙata ba, don injinan wutarsu ba su san wani takunkumi ba. Ciniki ya koma ɓoye. Wata safiya kyaftin ya tara ma'aikata, ya karɓe wayoyinsu ya kulle, ya kashe na'urar da ke nuna wa duniya inda jirgin yake. Sannan ya miƙa wa Baba Fenti kwalayen da aka yanke haruffan sabon suna a jikinsu.

Aka zura shi da igiya a kan katako ta bayan jirgin. Da hannunsa ya shafe tsohon sunan, harafi bayan harafi, sunan da Auta ke rubutawa kowace safiya. Ya ɗora sabon, bai bar ko ɗison fenti ya gangaro ba.

Kuku ya leƙo daga sama. "Baba Fenti, tunda hannunka ya faɗa, zo ka goge nawa sunan ma, ko surukata za ta daina nemana!"

Baba Fenti ya ci gaba da shafa fentinsa.

Suka tsaya can nesa da gaɓa, suna jiran wani jirgi ya zo ya zuƙe man a ɓoye. Makonni suka yi ta wucewa. Rediyon kuku ya ce a garinsu motoci sun yi layi a gidajen mai, wuta kuma sai a wuni ba a gan ta ba. Baba Fenti yakan zauna a ɗakin ajiyar fenti, cikin warin tinar da ake sirka fenti da ita, yana tunanin Auta tana yawon neman caji don ta kalli shuɗin da babu komai a kansa. A ƙarƙashin ƙafarsa kuwa ga man da zai haska garin nan gaba ɗaya.

Akwai wani dattijo da ke kawo musu ruwan sha da albasa a ƙaramin jirginsa. Harshensu ba ɗaya ba ne. Baba Fenti ya sa rigar ruwansa mai kauri a bokiti ya zura masa, ya kara hannu a kunne. Dattijon ya duba rigar, ya duba mutumin, ya sa wayarsa a bokitin.

Ya ɓuya a ɗakin fenti ya buga. Ta yi ta ƙara, aka katse. Ya sake, aka sake katsewa. Shi da kansa ya koya mata kada ta ɗauki baƙuwar lamba. Sai ya aika saƙon murya.

"Auta, ni ne. Lafiya lau." Ya faɗi sabon sunan jirgin sau biyu, a hankali. "In an kunna na'urar jirgin, da wannan za ki neme ni."

Da mai ruwa ya sake zuwa, bai jira an roƙe shi ba, ya turo wayar a ƙarƙashin albasa. Auta ta aiko da amsa, muryarta ta dishe.

"Lafiya lau? Haba Baba! Na je ofishin kamfaninku, suka ce ba su san wani jirgi mai wannan suna ba. Har na fara naɗe kayanka yadda na naɗe na Mama. To, na riƙe sabon sunan. Kada ka sake ɓace min, wallahi ba zan iya ba."

Ya saurara har sai da dattijon ya fara jan igiya.

Jirgin da ake jira ya zo, ya zuƙe man, ya tafi. Ranar da mai ruwa ya kawo kayan sallama, kyaftin ya miƙa wa Baba Fenti wasu kwalayen haruffa. Za su koma ɗauko wani lodi ta wani tekun, da wani sunan.

Baba Fenti ya sauka a kan katakonsa, ya shafe sunan da baƙi, ya hau. Ya wanke burushinsa ya jera su. Ya shiga wurin kyaftin, ya ajiye kwalayen a kan tebur, ya ce a ba shi fasfonsa da wayarsa.

"Tsoho, in ka sauka, babu jirgin da zai sake ɗaukarka da wannan furfurar."

"Na sani."

Kuku ya riƙe masa jaka har bakin tsani, bai yi barkwanci ko ɗaya ba.

Daga cikin ƙaramin jirgin dattijon, Baba Fenti ya waiwaya sau ɗaya. Bayan babban jirgin baƙi wuluk, fentin bai ma bushe ba. Ya kunna wayarsa. Babu sabis tukuna. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya zauna a kan buhun albasa, yana kallon gaɓa.